Tsohon Kwale-kwale a Tsakanin Jiragen Zamani

Mutumin Wonaka, ko na Tsafe, in ya zo cin kasuwa Gusau da damina, yakan ga gulbi ya cika ya batse. Wannan shi ne Gulbin Sakkwato. Daga wajen Funtuwa ya taso, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya nufi yamma har ya gamu da Gulbin Rima kusa da Sakkwato. Daga nan ruwan ya karkata kudu, ya bi ta Argungu da Birnin Kabi, ya faɗa Kwara. Watau ruwan da yaran Gusau ke wanka a ciki, shi ne Kabawa ke yin su a cikinsa. Saboda haka labarin jiragen wannan ruwa labarin mutanen Zamfara ne su ma.

Tun zamanin da, jirgin da aka sani a nan shi ne kwale-kwale. Masassaƙi yakan shiga daji ya zaɓi babban itace, maɗaci ko kawo, ya kayar, ya yi ta rarakar cikinsa da gizago har ya zama jirgi. Ba ƙusa, ba haɗi. Da filafili ake tuƙa shi, in kuwa ruwa ba zurfi sai a tura shi da doguwar sanda. Sarkawa, waɗanda su ne sana'arsu, da shi suke zuba taru da mamari, da shi kuma ake fito a ƙetare da mutane da kaya.

Jirgin ƙasaita ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Masu ba da tarihi sun ce Kanta, wanda ya kafa daular Kabi wajen shekara 500 da suka wuce, ya zauna a Surame, yana da wani ƙaton jirgi da aka lulluɓe da tagulla, mutum 50 ke tuƙa shi. In fadama ta cika dawaki ba su iya ratsawa, da shi yake kewaya ƙasarsa. To, yau Surame kufai ce, jirgin tagulla kuwa sai labari. Amma ƙaramin kwale-kwalen masunci, wanda ke kaucewa in na sarki zai wuce, har yanzu irinsa na kan ruwa.

Kabawa da mutanen Sakkwato sun daɗe suna gaba, tun daga 1805 da aka ci Birnin Kabi, har Kabawa suka koma Argungu suka kafa gadon sarauta. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu. Domin a girmama shi, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya sa aka yi babban su a gabansa. Daga nan bikin su na Argungu ya samo asali, wanda ake yi a Matan Fada. Ka'idarsa kuwa ita ce kowa ya shiga ruwa da homa da ƙaton gora. Goran ne ke ɗauke da mutum kada ya nutse, a cikinsa kuma yake jefa abin da ya kama. Makaɗa na bin su cikin kwale-kwale, Sarkin Ruwa yana lura. Wanda ya fito da kifi mafi nauyi shi ne gwani. A 2005 an auna wani ya kai kilo 75. Akwai kuma wasan Kabanci, inda ake tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwa. A 2016 hukumar UNESCO ta sa wannan biki cikin al'adun duniya da ya wajaba a kiyaye.

Shekara biyu kafin wannan ziyara, watau a 1932, Turawa suka kafa ƙungiyar masu jiragen shaƙatawa a Ikko. A ƙasashen Turai da Amurka attajirai kan mallaki jirgi don nishaɗi kawai, su fita teku su jefa ƙugiya. Jiragen farko na katako ne. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka fara zuba jikin jirgi da wani irin ƙaro mai zare, mai santsi da ƙyalli, wanda ba ya ruɓewa. Duk da haka akwai waɗanda suka riƙe tsofaffinsu na katako, suna kankarewa suna shafe su kowace shekara, ko da maƙwabta na yi musu kallon 'yan da. Sukan ce jirgin da mutum ya san kowane katakonsa ya fi wanda in ya lalace sai an kira wani.

A Arewa kuwa, sauyi ya zo ne ta hanyar madatsun ruwa. An gama ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Busa, aka tashi mutane fiye da 40,000, aka sami tafki mai faɗi har zuwa Yawuri. In iska ta taso a irin wannan tafki, igiyar ruwa takan fi ƙarfin ƙaramin kwale-kwale. Sai manyan jiragen katako masu inji suka yawaita, daga bisani masu gudu na hukuma da na masu hali suka biyo. A nan mai tsohon jirgi ya ga ana wuce shi, ana barinsa yana tangaɗi a bayan kumfa, 'ya'yansa na cewa a sayar a sayi na zamani.

Amma wanda ya ƙi sayarwa ba wauta ya yi ba. Inji sai da mai, mai kuwa sai da kuɗi, ko an kama kifi ko ba a kama ba. Kwale-kwale yakan shiga lungun fadama da cikin ciyawa, inda farfela za ta sarƙe. Ba ya ƙara, balle ya kori giwan ruwa ko ragon ruwa. In ya tsage, mai shi ne zai toshe shi da hannunsa. Kowane allazi da nasa amanu: inji na babban ruwa ne, kwale-kwale na ƙarami.

Abin da ya fi yi wa tsohon jirgi barazana shi ne ƙarancin ruwa da na itace. A 1978 aka gama madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, a kan wannan gulbi na Gusau, aka kuma yi ta Goronyo a kan Rima a 1984. Ambaliyar da ke cika fadamu kowace shekara, inda kifi ke hayayyafa, ta ragu, masuntan da ke ƙasa suka ga kamu ya ja baya. Manyan maɗatai kuma sun yi wuyar samu, masassaƙa na ƙarewa. Bikin Argungu kansa ya yi kusan shekara 10 ba a yi ba, saboda rashin tsaro da janyewar ruwa, sai a 2020 aka dawo da shi.

Har wa yau, tsufa ba hujjar sakaci ba ne. A watan Satumba na 2024 wani kwale-kwale ya kife da manoma a Gummi, cikin Jihar Zamfara, mutane da yawa suka rasu, gama an ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Jirgin da aka gada amana ne. Haƙƙinsa shi ne a duba shi kafin damina, a toshe inda yake yoyo, a san iyakar abin da zai ɗauka, a kuma dasa maɗaci domin jikoki su sami abin sassaƙawa. Wanda ya kiyaye wannan, in mai inji ya wuce shi da gudu, ba shi da abin jin kunya. Gaggawa aikin Shaiɗan ce, kifi kuwa mai haƙuri yake jira.