Iska da igiyar ruwa da murjani: Yadda Bahar Maliya take a gaɓar Jidda da Shu'aiba

Makka gari ne da duwatsu suka yi wa zobe, saboda haka mutumin da ke hada-hada a kasuwar Utaibiyya yana iya mancewa cewa teku ba ta da nisa da shi. Tsakanin birnin da Jidda bai wuce kilomita 80 ba, tafiyar sa'a guda a mota, ko ƙasa da haka a jirgin ƙasa na Haramain wanda ya fara aiki a 2018. Idan ƙarshen mako ya zo, iyalai da matasa daga unguwannin Makka, ciki har da Hausawan da suka daɗe da zama a can, sukan nufi gaɓar Jidda ko ta Shu'aiba da ke kudu da ita domin shan iska da kamun kifi da wanka.

Wanda ya saba ganin tekun Legas ko ta Kwatano, inda ruwa ke dukan gaɓa da ruri dare da rana, yakan yi mamakin ganin Bahar Maliya kwance kamar tafki. Wannan kwanciyar tana da dalilai, kuma tana da yaudara a cikinta. Abubuwa uku ne ke tsara halin ruwan: iskar da ke kaɗawa, duwatsun murjani da suka yi wa gaɓar shinge, da kuma yadda ruwan ke cikowa yana janyewa.

Su ne abubuwa ukun da masu wasan hawan igiyar ruwa ke dubawa kafin su shiga teku a ko'ina cikin duniya. Wannan wasa, wanda mutum ke tsayawa a kan allo igiyar ruwa ta ɗauke shi zuwa gaɓa, ya shiga gasar Olympics a karon farko a Tokyo a 2021. A gasar 2024 kuwa an gudanar da shi ne a Teahupo'o da ke tsibirin Tahiti, wurin da igiyar ruwa ke karyewa a kan murjani. Murjani dai akwai shi jingim a gaban Jidda. Tambayar ita ce, me ya sa babu irin waccan igiyar?

Teku mai ƙaramar ƙofa

Iska ce ke haifar da igiyar ruwa, kuma girmanta ya danganta da ƙarfin iskar, da tsawon lokacin da ta ɗauka tana kaɗawa, da faɗin ruwan da ta samu ta yi gudu a kansa ba tare da wani abu ya tare ta ba. Manyan igiyoyin da ake hawa a Hawaii ko Tahiti ba a nan kusa ake haifarsu ba. Guguwa ce ke tayar da su a wani sashe na tekun Pasifik mai nisan dubban kilomitoci, sai su yi kwanaki suna tafiya, ƙananan su mace a hanya, manyan su jeru sahu-sahu. Lokacin da suka iso gaɓa, tsakanin ɗaya da mai bi mata yakan kai daƙiƙa 12 zuwa 20, kuma wannan tazarar ita ce alamar ƙarfin da ke ƙarƙashinsu.

Bahar Maliya ba ta samun irin waɗannan baƙi. Tsawonta ya haura kilomita 2,000, amma inda ta fi faɗi bai wuce kilomita 355 ba. Ƙofarta ɗaya tilo ta asali zuwa babbar teku ita ce mashigin Bab al-Mandab, tsakanin Yemen da Jibuti, mai faɗin kimanin kilomita 30. Igiyoyin tekun Indiya ba sa iya ratsa wannan ƙofa su yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci har Jidda da sauran ƙarfinsu. Duk igiyar da aka gani a gaɓar Hijaz, a cikin gida aka haife ta. Shi ya sa take zuwa a gajarce, a hargitse, ɗaya na taka ƙafar ɗaya, tazararsu 'yan daƙiƙoƙi kaɗan.

Iska kuwa ba a rasa ta. A rabin tekun na arewa, wanda Jidda ke cikinsa, iskar arewa maso yamma ce ke mulki kusan duk shekara, tana bin tsawon tekun tsakanin duwatsun Hijaz ta gabas da tsaunukan Masar da Sudan ta yamma, tamkar ruwa a cikin kwari. A rabin kudu lamarin yana sauyawa da yanayi: daga wajejen Oktoba zuwa Mayu iskar takan taso daga kudu maso gabas, da bazara kuma ta juya ta bi ta arewa. Mutanen Jidda suna da suna ga iskar kudu mai zafi da ƙura da ke riskarsu lokaci-lokaci, suna kiranta Azyab, kuma masunta ba sa wasa da ita. A tsallaken teku, a ƙasar Sudan, akwai wata kafa tsakanin duwatsu kusa da Tokar, wadda da bazara iska mai ƙarfi ke kutsowa ta cikinta ta faɗa teku tana fuskantar gabas, ta tayar da ruwa a kudu da Jidda.

A kan waɗannan akwai iskar yini. Da rana ƙasa takan riga ruwa ɗaukar zafi, sai iska ta taso daga teku zuwa tudu, ta yi ƙarfi daga azahar zuwa la'asar. Da dare lamarin ya lafa, wani lokaci ma ya juya, iska mai sauƙi ta gangaro daga tudu zuwa teku. Mai hawan igiya wannan ta biyun yake so, domin iskar da ta fito daga tudu tana riƙe fuskar igiyar ta tsaya sumul, ita kuwa ta teku tana turo ta daga baya ta rushe ta tun ba ta miƙe ba. Gaɓar Jidda tana kallon yamma ne, don haka iskar la'asar a fuska take dukanta. Wanda ke son sanin inda iska ta dosa a birnin ba ya buƙatar na'ura: ya dubi Maɓulɓular Sarki Fahad, wadda ke cilla ruwan teku sama da mita 250, ya ga ɓangaren da feshinta ya karkata.

Wannan ne ya sa wasannin da suka fi karɓuwa a wannan gaɓa su ne waɗanda iska ke ja, wato allo mai filafilai da allon da ake ɗaura wa babbar lema, sai kuma nutso domin kallon murjani, musamman a yankin Obhur da ke arewacin Jidda. Mai neman igiya ta gaske a yankin Larabawa sai ya gangara gaɓar Oman, wadda ke fuskantar tekun Indiya kai tsaye kuma take cika da igiyoyi a lokacin damina, ko kuwa ya tafi Abu Dhabi inda aka gina tafkin da inji ke tayar wa igiya.

Shingen murjani

Murjani ba dutse ba ne tun asali. Wasu ƙananan halittu ne na ruwa ke gina wa kansu gida da sinadarin alli, zuriya bayan zuriya, har ginin ya zama tudu a ƙarƙashin teku. Suna son ruwa mai ɗumi, mai haske, marar laka, kuma Bahar Maliya ta cika waɗannan sharuɗɗa: babu wani babban kogi da ke zuba a cikinta duk shekara, gishirinta ya kai kusan kashi 40 cikin 1,000, sama da na yawancin tekunan duniya, kuma da bazara ɗumin ruwanta yakan haura digiri 30.

A yawancin gaɓar, murjanin yana manne da tudu. Mutum zai shiga ruwa ya yi tafiya mai nisa bai wuce gwiwa ko ƙugu ba, yana taka shimfiɗar dutse mai kaifi, sai kwatsam ya iso baki, inda ƙasa ke yankewa ruwan ya sauya launi daga kore zuwa shuɗi mai duhu. A gaban Jidda kuma akwai wasu jerin tuddan murjani a can cikin teku, sahu bayan sahu, suna bin tsawon gaɓar.

Igiyar ruwa tana karyewa ne idan zurfin ruwa ya ragu har ya kusa daidai da tsayinta. Masana sukan ce idan zurfin ya kai kimanin tsayin igiyar da sulusinsa. A gaɓa mai yashi wannan yana faruwa a hankali, kuma wurin karyewar yana sauyawa domin yashi yana motsi. A kan murjani kuwa igiyar tana fitowa daga zurfi ta ci karo da bango lokaci guda, sai ta miƙe ta naɗe kanta, kullum a wuri ɗaya. Wannan tabbacin ne ya sa gwanayen wasan suka fi son murjani. A Jidda, sahun murjanin da ke waje shi ke karɓar dukan, ya shanye ƙarfin igiyar, abin da ya iso gaɓa sai ɗan motsi.

A nan haɗarin yake ga mai wanka. Ruwan da igiyoyi ke turowa bisa shimfiɗar murjani dole ya koma teku, kuma ta kafofin da ke jikin shingen yake komawa, da gudu kamar na rafi. Saman wannan kafa yakan yi lif, babu kumfa, ya fi ko'ina kyaun gani, shi ya sa wanda bai sani ba yake zaɓarsa. Idan ruwan ya ja mutum, kokawa da shi domin komawa gaɓa kai tsaye ita ke ƙarar da ƙarfi; abin da masu ceto ke koyarwa shi ne a yi iyo a gicciye har a fita daga magudanar, sannan a juyo. Ga kuma kaifin murjanin kansa, wanda raunin da ya yi ke saurin ruruwa, da ƙayar bushiyar teku, da wani kifi mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. Takalmin roba mai kauri ba ado ba ne a wannan gaɓa. Dakarun tsaron iyaka na Saudiyya ne ke kula da ceto a teku, suna kuma kafa alluna a wuraren da aka hana wanka, yayin da cibiyar hasashen yanayi ta ƙasar ke fitar da gargaɗi kan iska da tsayin igiya.

Cikowa da janyewa

A yawancin gaɓoɓin duniya, jan wata da na rana yana sa teku ta ciko ta janye sau biyu a yini. A kan murjani wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin wurin da ke da ruwa mita biyu da safe yana iya zama tsirarar dutse da azahar, kuma masu hawan igiya da jadawalin cikowar suke tsara fitarsu.

Bahar Maliya tana yin nata daban. Ruwanta yana lilo ne kamar ruwa a cikin doguwar tasa: idan ƙarshen arewa ya ɗaga, na kudu ya sauka, tsakiya kuma ta kusa tsayawa cik. Jidda da Port Sudan suna kusa da wannan tsakiyar, shi ya sa bambancin cikowa da janyewa a nan bai cika wuce santimita 20 zuwa 30 ba, alhali a ƙarshen tekun biyu yana haura rabin mita.

Abin da ya fi tasiri shi ne sauyin shekara. Da hunturu iska takan turo ruwa daga mashigin Aden zuwa cikin tekun, da bazara kuma ta kore shi waje, ga zafin rana yana ƙafar da shi. Sakamakon haka ruwan hunturu yana fin na bazara tsayi da kimanin rabin mita. Tudun murjanin da kwalekwale ya wuce ta kansa lafiya a watan Janairu yana iya fasa masa ciki a watan Agusta. Mai zuwa gaɓar Jidda, ke nan, watan da ake ciki da iskar ranar sun fi agogo amfani a wajensa.

Abin da matafiya suka gani

Tarihin Makka kansa yana ɗauke da tabon wannan gaɓa. Shu'aiba ita ce tashar jiragen ruwan birnin kafin Musulunci. A can ne wani jirgin Rumawa ya fashe, Ƙuraishawa suka ɗebi katakonsa suka yi amfani da shi lokacin da suka sake gina Ka'aba, shekaru kaɗan kafin aiko Manzon Allah (SAW). Daga can ne kuma Musulmin farko suka hau jirgi zuwa Habasha. Halifa Usman bin Affan ne ya mayar da tashar zuwa Jidda a shekara ta 26 bayan Hijira. A yau Shu'aiba ta fi shahara da masana'antar tace ruwan teku, wadda daga gare ta ake tura ruwan sha zuwa Makka, har famfunan Utaibiyya.

Matafiyin nan ɗan Andalus, Ibn Jubair, ya tsallako daga Aizab zuwa Jidda a 1183, a cikin irin jiragen da ake ɗinke katakonsu da igiyar ɓawon kwakwa ba tare da ƙusa ba. Ya ba da labarin wahalar shiga tashar saboda yawan murjani da karkacewar hanya, ya kuma yaba da gwanintar matuƙan da ke ratsa ƙananan kafofin. Har zuwa rabin farko na ƙarni na 20, manyan jiragen ruwa a waje suke tsayawa, ƙananan jirage masu filafilai su yi jigilar fasinjoji zuwa tudu.

Wannan ita ce matsala ta ƙarshe da ke jiran alhazan ƙasar Hausa na zamanin tafiyar ƙasa. Bayan watanni ko shekaru a hanya ta Barno da Wadai da Darfur da Kordofan, suna tsayawa su yi ƙwadago su tara guzuri, sai su iso Sawakin a gaɓar Sudan, mutanen da galibinsu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Tafkin Chadi ko kogin Nilu ba. Tsallakawar ba ta kai kilomita 400 ba, amma murjani ne a bakin fita, murjani ne a bakin shiga, matuƙa kuma da ido suke karanta launin ruwa, abin da ya sa ba sa son kusantar gaɓa da dare ko lokacin da rana ke haske musu fuska. Da yawa daga cikin zuriyar waɗannan matafiya su ne ke zaune a unguwannin Makka da Jidda da Madina a yau.

Injina da taswirori ba su kawar da haɗarin baki ɗaya ba. A watan Disamban 1991, jirgin fasinja na Salem Express ya taso daga Jidda zuwa Safaga ta ƙasar Masar, ɗauke da ma'aikata da masu dawowa daga Umara. Cikin dare da iska mai ƙarfi, ya bi wata gajeriyar hanya kusa da gaɓa, ya daki tudun murjani, ya nutse cikin mintuna kaɗan. Alƙaluman hukuma sun ce fiye da mutum 400 ne suka rasu.