Aamir Khan: Nazari Kan Jarumin Da Ya Rikiɗe Furodusa

A masana'antar fim ta Mumbai, ba baƙon abu ba ne jarumi ya buɗe kamfani bayan ya yi suna. Galibi ana yin haka ne don ribar fim ta dawo aljihun jarumin. Tarihin Aamir Khan ya nuna wata manufa dabam: ya nemi iko da yadda ake yin aikin kansa, daga zaɓen labari har zuwa ranar fitar da fim.

An haife shi a 1965 a gidan da fim ne sana'a. Mahaifinsa Tahir Hussain furodusa ne, baffansa Nasir Hussain kuma shi ya sa shi a Yaadon Ki Baaraat a 1973 yana ɗan yaro. Aamir ya sha ba da labarin yadda bashi ya dabaibaye mahaifin nasa sa'ad da finafinai suka maƙale ba a kammala ba. Wanda ya tashi yana ganin haka ya san cewa jinkiri da rashin tsari su ne ke cinye jarin furodusa. Qayamat Se Qayamat Tak ya fito da shi a 1988 tare da Juhi Chawla, Raja Hindustani na 1996 kuma ya tabbatar da shi a sahun gaba. A lokacin jarumai kan haɗa finafinai da yawa a lokaci guda, suna tsalle daga wannan wurin ɗauka zuwa wancan. Shi kuwa sai ya rage, ya koma yin ɗaya bayan ɗaya.

Lagaan na 2001 shi ne zakaran gwajin dafi. Labarin da darakta Ashutosh Gowariker ya kawo bai yi kama da abin da kasuwa ke so ba: ƙauyawa a 1893 suna karawa da Turawan mulkin mallaka a wasan kurket domin a yafe musu haraji, kuma fim ɗin ya haura awa uku da rabi. Da furodusoshi suka ja da baya, Aamir ya ɗauki nauyin da kansa. Ya kwashe ma'aikata zuwa yankin Kutch na jihar Gujarat, aka gina ƙauye sukutum, aka yi ɗauka a zango guda na kusan wata shida, ana naɗar murya a wurin maimakon a sake ta a situdiyo. Fim ɗin ya zama na uku daga Indiya da ya shiga jerin ƙarshe na takarar Oscar a rukunin harsunan waje, bayan Mother India da Salaam Bombay.

Abin da ya biyo baya ya nuna ba sa'a ba ce. Taare Zameen Par na 2007, wanda ya ba da umarni da kansa, ya tsaya kan yaro mai matsalar karatu, Aamir kuma bai bayyana ba sai wajen tsakiyar fim. Peepli Live na 2010 ya taɓo manoman da bashi ke kai wa ga kashe kansu, ba tare da fuskar Aamir ba. A Dangal na 2016 ya fito a uban 'yan kokawa Geeta da Babita Phogat, fim ɗin kuma ya yi kasuwa mai ban mamaki a Sin.

Wannan hanya tana da haɗarinta. Mai fitar da fim ɗaya cikin shekaru ba shi da inda zai ɓoye in ya faɗi, kamar yadda Laal Singh Chaddha ya nuna a 2022. Duk da haka, darasin a bayyane yake, har ga jaruman Kannywood da ke buɗe kamfanoninsu: suna jari ne, kuma darajar furodusa tana ga irin labarin da ya yarda ya kashe wannan jari a kai.