Eldridge Mohammadou, Mai Tattara Tarihin Arewacin Kamaru

A Kuseri, inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari, kowa ya san ranar 22 ga Afrilu, 1900, ranar da mayaƙi Rabe ya faɗi a hannun sojojin Faransa, kwamandansu Lami shi ma ya mutu. An san wannan rana ne domin Turawa sun rubuta ta, har suka raɗa wa garin da ke tsallaken ruwa sunan Lami kafin ya koma Njamena. Abin da ya faru a garuruwan Kotoko da lamidancin Fulani kafin zuwansu kuwa, yawancinsa yana bakin tsofaffi ne, kuma tsofaffin suna ta ƙarewa.

Wannan ne ya dami Eldridge Mohammadou. A Garwa aka haife shi a 1934, uba Bature ɗan Ingila, uwa Bafulatana. Ya taɓa aikin gwamnati, amma zuciyarsa ba ta can. Sai ya ɗauki rakoda ya shiga fadojin lamidai, ya zauna gaban modibbai da masu faɗa a ji, yana naɗar jerin sarakuna, yaƙe-yaƙe da ƙaurace-ƙauracen zamanin Modibbo Adama.

Abin da ya fi burge ni a aikinsa shi ne mutuncin da ya ba masu ba shi labari. Yakan rubuta maganarsu da Fulatanci yadda suka faɗe ta, ya biyo da fassarar Faransanci. Littafin tarihin Rai Buba na 1979 yana ɗauke da sunan Alhaji Hamadjoda Abdullahi, na Garwa kuma na 1980 da sunan Modibbo Bassoro, kowanne tare da nasa. A zamanin da masu bincike da yawa ke ɓoye dattijo a ƙasan shafi, wannan ba ƙaramin adalci ba ne.

Ya rubuta tarihin Marwa da Pette a 1976, na masarautun tudun Adamawa a 1978, ya kuma yi na daular Mandara. Da yawa daga cikinsu a Tokiyo aka buga su, domin masanan Japan sun riƙe aikinsa hannu biyu. Abin yana mini ciwo: ɗalibin Marwa ko Kuseri yakan sha wuya kafin ya ga kwafi ɗaya na tarihin kakanninsa.

Da gwamnati ta rufe cibiyar binciken da yake aiki a 1991, sai ya koma Jami'ar Maiduguri. A can ya duƙufa kan mamayar mahayan Bare da Chamba, waɗanda ya yi imani sun girgiza tsakiyar Kamaru tun kafin jihadin Modibbo Adama, ra'ayin da masana ke ta muhawara a kansa. A Maiduguri ya rasu a watan Fabrairu na 2004.