Lissafin Mawaƙa a Jikin Abarba

Yawancinmu da muka shiga harkar rubutu, gudun lissafi ne ya koro mu. Har gobe muna ganin haka a aji: yaron da ya iya tsara baiti, da zarar malamin lissafi ya shigo sai ya sunkuyar da kai. To, ga wani tarihi da ya kamata irin wannan yaro ya ji.

Duk mai nazarin waƙar Hausa ya san gaɓa iri biyu ce, mai nauyi da marar nauyi. Mu ba marar nauyi bugu 1, mai nauyi bugu 2. Ta hanya nawa za a cika bugu 3? Uku ne kacal: Katsina, gajeru uku a jere, Kano, gajera da doguwa, Audu, doguwa da gajera. Bugu 4 kuwa hanya 5 ce, ciki har da Zazzau da Zariya. Bugu 5 hanya 8, bugu 6 hanya 13. Dalilin ba mai wuya ba ne. Gaɓar ƙarshe ko dai gajera ce ko doguwa. In gajera ce, abin da ya saura bugu ɗaya ya ragu; in doguwa ce, biyu. Saboda haka sai a tara amsoshi biyun da suka gabata. Jerin ke nan: 1, 2, 3, 5, 8, 13, 21, 34, 55.

Masana karin waƙa na ƙasar Indiya ne suka fara yin wannan ƙirga, domin harshen Sanskirit shi ma da nauyin gaɓa ake auna waƙarsa. Wani mai suna Birahanka ya bayyana ƙa'idar tsakanin ƙarni na 6 da na 8, sannan malami Hemacandara na yankin Gujarat ya sake kawo ta wajen shekarar 1150. Ba lissafi suka zauna yi ba. So suke su san iyakar karin da mawaƙi zai iya hawa.

Amma yau ba da sunansu ake kiran jerin ba. Wani yaro Lewonado, mutumin Pisa ta Italiya, ya bi mahaifinsa zuwa Bijaya, a gaɓar tekun Aljeriya ta yanzu, inda uban ke kula da harkokin fataken garinsu. Can ya koyi lambobin Indiya da Larabawa ke aiki da su. A 1202 ya rubuta littafinsa Liber Abaci don ya nuna wa Turawa sauƙinsu. Cikin ɗimbin tambayoyin littafin akwai ta zomaye: in aka killace namiji da mace, kowane wata suna haifar wasu biyu, 'ya'yan ma su fara haihuwa a wata na biyu, me za a samu a ƙarshen shekara? Amsarsa ita ce namiji da mace har 377. Duk wanda ya taɓa kiwon zomo ya san wannan almara ce, don ba mai mutuwa a ciki, ba kuma wanda muzuru ya ɗauke. Shi kansa bai ɗauki tambayar da wani girma ba. Sai a ƙarni na 19 wani Bafaranshe, Édouard Lucas, ya laƙaba wa jerin sunan Fibonacci, laƙabin da aka san Lewonado da shi. A ganinmu an yi wa mawaƙan nan kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin mamakin yana kasuwa, a kan tiren mai 'ya'yan itace. A ɗauki abarba a dubi idanun da ke jikin ɓawonta. Ba a warwatse suke ba, layi-layi suke, suna nannaɗe ta. In aka ƙirga layukan da suka karkata ta wannan gefe, galibi 8 ne. Ta wancan gefe 13. Masu miƙewa sosai kuma 21. Lambobin Hemacandara ne cif. Mun gwada da ɗalibai, da alli muna yi wa layin farko alama don kada a maimaita, aji ya kaure da gardama kafin a yanka ta.

Me ya haɗa abarba da waƙa? Tun a 1837 wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, su Bravais, suka nuna cewa a tsirrai da dama sabon toho yana fitowa ne a kusurwar digiri kusan 137.5 daga wanda ya gabace shi. A 1992 Douady da Couder suka yi wani gwaji a Faris: suka riƙa ɗiga ruwa mai maganaɗisu a tsakiyar faranti mai ɗauke da mai, ɗigo na ture ɗigo. Kowane sabon ɗigo ya nemi inda ya fi yalwa, sai ga kusurwar nan ta bayyana, layukan kuma suka faɗo kan jerin. Wato tsiro ba ƙirga yake yi ba. Cunkoso ne da neman wuri, kamar yadda Ubangiji ya tsara masa.

Sai dai a yi hattara da masu zuzuta abu, masu cewa ko'ina aka duba a halitta wannan jeri ne. Ganyen tumfafiya bibbiyu yake fitowa, suna fuskantar juna, babu ruwansa da digiri 137.5. Abarbar ma akan ci karo da wadda ta saɓa. A cikin waɗanda muka saya ranar nan akwai guda da muka ƙirga har sau uku, ba ta ba mu 13 ba.