Daga Ƙiftawar Ido Zuwa Kalma 78 a Minti Guda

Cikin ire-iren shanyewar jiki, babu mai tsaya mini a rai kamar na gindin ƙwaƙwalwa, can wajen ƙeya, inda ta haɗu da lakar baya. Idan jijiyar jinin da ke shayar da wurin ta toshe, umarni ba ya sauka ga hannu ko ƙafa ko harshe, alhali hankali yana nan garau. Mutum yana jin duk abin da ake faɗa a bakin gadonsa, amma ba shi da amsa sai ɗaga ido da ƙiftawa. Sai a 1966 ne wasu likitocin Amurka, Fred Plum da Jerome Posner, suka bambanta wannan hali da doguwar suma, suka ba shi suna na kansa.

Ni da mudu ɗaya nake auna tarihin binciken da ya biyo baya: kalma nawa majinyaci zai iya fitarwa a minti?

A Disambar 1995 ciwon ya kayar da Jean-Dominique Bauby, editan mujallar Elle a Faransa, yana ɗan shekara 43. Fatar idonsa na hagu kaɗai ta tsira. Wata mata, Claude Mendibil, ta riƙa zama gefensa tana jero masa haruffa, in ta zo kan wanda yake so ya ƙifta. Kalma guda takan ci kusan minti biyu. A haka ya shibta littafi sukutum, ya fito a Maris 1997, bayan kwana biyu rai ya yi halinsa.

Shekara na zagayowa, a Atlanta, likita Philip Kennedy da abokan aikinsa suka dasa 'yar waya a ƙwaƙwalwar wani mai irin wannan ciwo, Johnny Ray. Hikimar ita ce ɓangaren da ke kitsa motsi lafiyarsa lau, hanya ce ta yanke, don haka sai a ɗebo saƙon tun daga sama a miƙa wa kwamfuta. Bayan watanni na horo, Ray ya iya zaɓen haruffa a allon kwamfuta, ɗaya bayan ɗaya.

Binciken BrainGate, wanda ya samo tushe a Jami'ar Brown, ya karkata ga hannu. A Afrilun 2011 wata mai irin wannan ciwo, Cathy Hutchinson, ta sarrafa hannun ƙarfe da tunaninta, ta kai gorar kofi bakinta ta kurɓa, abin da rabonta da yi wa kanta kusan shekara 15.

Magana kuwa sai a San Faransisko, wurin likita Edward Chang. A 2021 wani majinyacinsa ya kai kimanin kalma 15 a minti, daga cikin kalmomi 50 kacal. A 2023 Ann Johnson, malamar makaranta 'yar Kanada da ciwon ya kama tun 2005, ta kai 78, da wata siririyar shimfiɗa mai idon lantarki 253 a saman ƙwaƙwalwarta. Muryar da na'urar ta yi magana da ita a madadinta, daga bidiyon bikin aurenta aka kwaikwayo ta. Mai lafiya yakan yi wajen 150, ke nan an ci rabin tafiya.

Duk wannan gwaji ne, bai zama maganin da ake rubuta wa kowa a asibiti ba. Sai an buɗe ƙoƙon kai, kuma kowane majinyaci sai an koya wa kwamfuta karanta tasa ƙwaƙwalwar daga farko. Shi ya sa nake ganin rashin adalci ne a riƙa ambaton likitoci kaɗai. Ray da Hutchinson da Johnson sun ba da kawunansu an fasa, ba tare da alkawarin warkewa ba, sun kuma yi ta maimaita atisaye mai gajiyarwa domin na baya su amfana. Da ba su yarda ba, da har gobe ana kan jero haruffa.