Yawon buɗe ido na masu nakasa a birnin Chester

Chester birni ne da ke gundumar Cheshire a arewa maso yammacin Ingila, a bakin kogin Dee, dab da iyakar Wales. Romawa ne suka kafa shi a matsayin sansanin soja a ƙarni na farko miladiyya, suka kira shi Deva Victrix. Sunansa na yanzu ya samo asali ne daga kalmar Latin castra, wato sansani. Birnin ya shahara da ganuwarsa da tsofaffin shagunansa masu hawa biyu, waɗanda dukkansu an gina su ne da matakala. Duk da haka, shi ne birni na farko a Birtaniya da ya lashe kyautar Tarayyar Turai ta birnin da ya fi sauƙaƙa zirga-zirga ga masu nakasa, ta shekarar 2017. An cimma hakan ne ta hanyar samar da wasu mashigai a gefe ko a bayan tsofaffin gine-gine, ba tare da an rushe su ba. Har yanzu akwai sassan da keken guragu ba ya kaiwa.

Dokokin da suka shafi lamarin

Dokoki iri biyu ne ke aiki a kan gine-ginen Chester, kuma wani lokaci suna karo da juna. Na farko su ne dokokin kare haƙƙin masu nakasa. Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci ta 1995 ta tilasta wa masu shaguna da otal-otal da wuraren shaƙatawa, tun daga Oktoban 2004, su gyara duk wani abu a gininsu da ke hana mai nakasa shiga, ko su samar masa da wata hanya. Dokar daidaito ta 2010 ta maye gurbinta, ta kuma riƙe wannan sharaɗi na yin gyara gwargwadon abin da zai yiwu.

Na biyu su ne dokokin kare kayan tarihi. Ganuwar Chester da yawancin gine-ginen tsakiyar birnin suna cikin jerin waɗanda gwamnati ta ba kariya, don haka ba a fasa bango ko cire matakala sai da izini na musamman. Majalisar Cheshire West and Chester, wadda aka kafa a 2009, ita ke kula da birnin. Tana da jami'i mai lura da sauƙin shiga wurare, da kuma zauren tuntuɓa inda ƙungiyoyin masu nakasa ke duba tsarin manyan ayyuka tun kafin a fara gini.

Ganuwa

Tsawon ganuwar Chester ya kai kimanin kilomita 3, kuma ita ce ganuwar birni mafi cika da ta rage a Birtaniya. Ana tafiya a samanta a zagaye tsohon gari. An sanya gangaren hawa a wurare da dama, a wasu sassan kuma saman ganuwar daidai yake da titi. Misali shi ne ɓangaren yamma, a gefen titin Nuns Road, inda ake hango filin sukuwa na Roodee, wanda ake tseren dawaki a cikinsa tun ƙarni na 16.

Sai dai mai keken guragu ba zai iya kammala zagayen a saman ganuwar ba. Manyan ƙofofin gari, waɗanda aka sake ginawa a ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, gadoji ne da suka tsallake titi, kuma wasunsu sai da matakala ake hawa. Daga cikinsu akwai ƙofar Eastgate mai ɗauke da sanannen agogon da aka kafa a 1899 don tunawa da cikar Sarauniya Victoria shekara 60 a kan mulki. Agogon yana ganuwa sosai daga titi. A kan kuma rufe wani sashe idan ana gyara, kamar yadda ya faru bayan wani ɓangare ya rufta a 2008 da kuma Janairun 2020.

Shagunan Rows

Rows dogayen baranda ne masu rufi da ke hawa na farko na gine-gine, cike da shaguna, a kan manyan tituna huɗu: Eastgate, Northgate, Watergate da Bridge Street. Asalinsu ya koma ƙarni na 13. Daga gaban titi, matakala masu tsayi da ƙunci ne ke kaiwa gare su.

Yanayin ƙasar wurin ne ya taimaka wajen warware matsalar. A bayan gine-ginen, ƙasa ta fi titin gaba tudu, saboda ɓaraguzan gine-ginen Romawa da suka taru tsawon ƙarnoni, ta yadda hawan farko daga gaba ya zo kusan daidai da ƙasa daga baya. Wannan ya sa ake iya shiga ta lunguna, irin su Godstall Lane da ke fitowa daga wajen babbar majami'a, ko ta cikin rukunin shagunan Grosvenor mai na'urar lif. Cikas ɗin da ya rage shi ne barandun ba a haɗe suke ba. Mai tafiya da ƙafa zai sauka ya tsallaka titi ya sake hawa cikin minti ɗaya, mai keke kuwa sai ya koma ta inda ya shigo, ya zagaya zuwa mashigar sashe na gaba.

Sauran wuraren ziyara

Babbar majami'ar Chester ta fara ne a matsayin gidan sufaye a 1092, ta zama majami'ar bishop a 1541. Ana zagaya yawancin hawan ƙasa da keke, amma hasumiyarta sai ta matakala sama da 200.

Storyhouse gini ne da ya haɗa ɗakin karatu da dandalin wasan kwaikwayo da silima. An buɗe shi a watan Mayun 2017 a tsohon gidan silima na Odeon na 1936. Yana da lif da wuraren zama na masu keke, ana kuma shirya wasu wasannin da fassarar yaren kurame na Birtaniya, ko rubutun abin da ake faɗa, ko bayanin murya don makafi.

Dandalin wasannin Romawa, wanda aka gano a 1929, shi ne mafi girma da aka tono a Birtaniya, kuma ana kallonsa kyauta daga gefen titi. Kusa da shi akwai lambun Grosvenor Park da aka buɗe a 1867. Hanyoyin lambun shimfiɗaɗɗu ne, amma gangaren da ke sauka zuwa bakin kogi yana da tsanani. Bakin kogin kansa, da ake kira The Groves, fili ne miƙaƙƙe, daga nan kuma jiragen ruwa na shaƙatawa ke tashi.

Gidan namun daji na Chester, wanda George Mottershead ya buɗe a 1931 a unguwar Upton, yana arewa da birnin. Saboda faɗinsa, ana ba da aron keken guragu da ƙaramin babur mai batir, kuma mai kula da mai nakasa yana shiga kyauta idan an nuna shaida.

Sufuri

Tashar jirgin ƙasa ta Chester, wadda aka buɗe a 1848, tana da lif zuwa dandamalin hawa jirgi. Tafiya daga tashar Euston ta Landan tana ɗaukar kimanin awa 2. Kamfanonin jiragen ƙasa suna da tsarin Passenger Assist, inda ma'aikaci ke tarbar fasinja ya shimfiɗa masa gangaren shiga jirgi. Tun 2022 ana iya neman wannan taimako awa 2 kafin tafiya.

Tun Janairun 2017 doka ta wajabta wa manyan motocin bas na cikin gari a Birtaniya su kasance da gangare da gurbin keken guragu. A shekarar ce kuma aka buɗe sabuwar tashar bas ta birnin a Gorse Stacks. Tasin da ake tarewa a titi a Chester dole ne ta iya ɗaukar keke, kuma haramun ne direba ya ƙara kuɗi saboda keken ko saboda karen jagora.

Masu zuwa da mota suna amfani da katin Blue Badge, wanda ke ba da damar tsayawa a wuraren da aka keɓe, da kuma a kan layin rawaya har awa 3 a yawancin titunan Ingila. Ƙungiyar agaji ta DIAL West Cheshire tana gudanar da shirin Shopmobility, mai ba da hayar keke da babur mai batir a tsakiyar gari.

Banɗaki

Rashin banɗakin da ya dace na daga cikin abubuwan da ke taƙaita fitar masu nakasa. Yawancin banɗakunan masu nakasa na jama'a a Birtaniya ana buɗe su ne da makulli iri ɗaya da ake kira Radar. Ga waɗanda ba sa iya tashi daga keke da kansu akwai banɗakin Changing Places, wanda aka fara fafutukar samar da shi a 2006. Faɗinsa murabba'in mita 12 ne, yana da na'urar ɗaga mutum da gadon sauya kaya na manya. Akwai irinsa a Storyhouse da tashar bas da gidan namun daji.

Masauki

Ƙa'idojin gini na Ingila sun tanadi cewa sabon otal ya ware aƙalla ɗaki ɗaya cikin kowane 20 ga masu keken guragu. Saboda haka sababbin otal-otal, har da na kamfanoni irin su Premier Inn da Travelodge, sun fi tabbas wajen samun ƙofa mai faɗi, da maƙalai a bango, da igiyar kiran gaggawa. Tsofaffin masaukai na ƙarni na 19 da ƙananan gidajen baƙi sun sha bamban da juna: wani yana da lif, wani kuma ko a bakin ƙofa akwai matakala. Ɗakin da aka kira na masu nakasa ma yana iya kasancewa da bahon wanka maimakon shawa mai daidai da ƙasa, kuma ƙalilan ne ke da na'urar ɗaga mutum. Shi ya sa ƙungiyoyin masu nakasa ke ba da shawarar a tambayi faɗin ƙofa da irin wurin wanka da tsayin gado kafin a kama ɗaki. Hukumar AccessAble tana auna gine-gine tana wallafa bayanansu, a Euan's Guide kuwa, da aka kafa a 2013, masu nakasa ne da kansu ke bayyana abin da suka tarar.

Kyautar Tarayyar Turai

Hukumar Tarayyar Turai ta ƙirƙiro kyautar Access City a 2010 don biranen da ke da mutum sama da 50,000. Ávila ta Sifaniya, wadda ita ma birni ce mai ganuwa, ita ta fara lashewa. An sanar da nasarar Chester a Brussels a watan Nuwamban 2016, Rotterdam ta Holan ta zo ta biyu, Jūrmala ta Latbiya ta zo ta uku. Kafin Chester, Milan ta Italiya ce ta karɓi kyautar, bayanta kuma Lyon ta Faransa. Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai a ranar 31 ga Janairu, 2020, kuma Chester ne kaɗai birnin ƙasar da ya taɓa zuwa na ɗaya a gasar.