BABI NA UKU: TSAKANIN CIN RANI DA ƘAURA A ƘASASHEN MAFARA, BAKURA DA MARADUN (1974-1990)

3.0 Shimfiɗa

A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba wata shawara mai wuya da ta fuskanci magidanta da samari a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun daga shekarar 1974 zuwa 1990, wato ko mutum ya tashi ya bar gida alhali bai san aikin da zai tarar a inda za shi ba, ko kuwa ya zauna ya jira al'amura su gyaru. Bahaushe yana da magana a kan kowane ɓangare. Ya ce, "Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi", kuma shi ne ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, fita nema ba tare da aiki a hannu ba tsohuwar al'ada ce a wannan yanki, kuma ba kasada ba ce a da, domin akwai ginshiƙan da suke riƙe da ita. Gina madatsar ruwa ta Bakalori da kuma karayar tattalin arzikin Nijeriya bayan 1981 su ne suka raunana waɗannan ginshiƙai, har fitar ta sake kama.

3.1 Cin Rani Kafin Zuwan Madatsa

Cin rani shi ne mutum ya bar garinsu bayan kaka, ya tafi wani wuri ya yi sana'a ko ƙodago ko karatu, sa'annan ya komo da faɗuwar ruwan farko. Swindell (1984) ya nuna cewa al'adar ta ƙara ƙarfi a Lardin Sakkwato a farkon mulkin Turawa, saboda haraji da ake biya da tsabar kuɗi da kuma buɗewar hanyoyi. Isowar jirgin ƙasa Gusau da Ƙaura Namoda a wajen 1929 ta ƙara sauƙaƙa tafiya. Prothero (1959) kuwa ya kawo sakamakon ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953, inda aka ƙirga mutane kimanin 259,000 da suka fita ta hanyoyin lardin, cikinsu har da mutanen ƙasar Nijar masu wucewa. Wasu sun nufi gonakin koko na ƙasar Yarbawa da Gana, wasu haƙar kuza a Jos, wasu kuma ba su wuce ƙasar Gusau ba, inda ake noman auduga da gyaɗa.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan mutane ba su da alkawarin aiki a lokacin da suke barin gida. To, me ya ba su ƙarfin halin fita? Ana iya kawo dalilai guda uku. Na farko, gona tana nan tana jiran mai ita, hatsi kuma yana rumbu, don haka fitar baki ɗaya daga gida ma riba ce, ko da bai komo da ko anini ba. Na biyu, akwai mai masauki. Cohen (1969) ya bayyana yadda masu gida a Sabon Ibadan suke saukar da baƙi Hausawa, su ba su wurin kwana, su tsaya musu wajen ciniki. Na uku, tafiyar tana da wa'adi, domin damina ce take yanke ta. Idan nema bai yi kyau ba, asarar ba ta wuce ta watanni huɗu ko biyar.

Bugu da ƙari, garuruwan da suke bakin gulbin Sakkwato suna da abin da mutanen tudu ba su da shi, wato fadama. Manomin da yake da fadama a ƙasar Maradun ko Bakura yana da aikin rani a ƙofar gidansa: shinkafa bayan ambaliya, sai albasa da rake da dankali, ga kuma su. Saboda haka ga irin wannan manomi, cin rani zaɓi ne, ba tilas ba.

3.2 Madatsar Bakalori da Rushewar Ginshiƙi na Farko

An fara gina madatsar ruwa ta Bakalori a kan gulbin Sakkwato a 1974, aka kammala ta a 1978. Kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin, a ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya shafe ƙasa kimanin hekta 8,000, kuma ya tayar da mutane aƙalla 13,000 a ƙasar Maradun. An mayar da su Sabuwar Maradun da wasu matsugunai a kan tudu, inda ƙasar noma ba ta kai wadda ruwa ya cinye albarka ba. A ɓangaren Mafara da Bakura kuwa, inda aka shimfiɗa magudanan ruwa, an hana manoma da yawa taɓa gonakinsu har na tsawon damina biyu ko fiye, ana baje ƙasa, biyan diyya kuma yana ta jan ƙafa.

Wannan hali ne ya kai manoma ga tare hanyoyin aikin tun daga ƙarshen 1979, a zamanin Gwamna Shehu Kangiwa. A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai 30 ba, amma wasu marubuta sun ce ya haura 380. Beckman (1985) ya yi cikakken bayanin wannan rikici, don haka ba za a maimaita shi a nan ba.

Ɓarnar ba ta tsaya a wurin da aka yi aikin ba. Adams (1985) ya ƙiyasta cewa a cikin fadama mai hekta 19,000 da take ƙasa da madatsar, raguwar ambaliya ta hana noman shinkafa a kan hekta 7,000, ta kuma hana noman rani a kan hekta 5,000. Kifi ma ya ragu. Ke nan mutumin da a da yake cin raninsa a bakin gulbi, yanzu ya shiga sahun masu neman inda za su.

Sai dai kuma a shekarun ginin, aikin kansa ya ɓoye girman matsalar. Samari da yawa sun sami aikin lebura da gadi da tuƙi a wurin 'yan kwangila, kuɗi ya yawaita a kasuwar Mafara ta ranar Talata, kuma ana cikin zamanin arzikin man fetur, duk garin da mutum ya shiga zai tarar ana gini. A wannan lokaci, wanda ya fita ba tare da aiki a hannu ba, da wuya ya daɗe yana nema.

3.3 Karayar Tattalin Arziki da Raunin Ginshiƙi na Biyu

Aikin gini a Bakalori ya zo ƙarshe ne a daidai lokacin da kasuwar man fetur ta faɗi. Kuɗin da Nijeriya take samu daga mai ya sauko daga kimanin dala biliyan 25 a 1980 zuwa ƙasa da biliyan 10 a 1986. A watan Afrilun 1982 gwamnatin Shugaba Shehu Shagari ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Kwangiloli suka tsaya, masana'antun Kano da Kaduna suka rage ma'aikata saboda rashin kayan aiki da ake shigowa da su daga waje. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rage ma'aikatan gwamnati a 1984, ta rufe iyakokin ƙasa, kuma a ƙarƙashin shirin yaƙi da rashin ɗa'a aka rushe rumfuna da tebura masu yawa a bakin titunan birane. Ga kuma farin 1983 da 1984. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, darajar naira ta faɗi daga kusan kunnen doki da dala zuwa wajen naira 4 a kan dala ɗaya, farashin kaya da kuɗin mota suka tashi.

Tasirin wannan a kan ɗan cin rani a fili yake. Sana'o'in da baƙo yake kamawa da saukarsa, kamar dako da ga-ruwa da gadi da yankan farce da tura baro, su ne waɗanda korarrun ma'aikata suka komo suna yi. Mai masauki kuma da a da yake ciyar da baƙo har ya sami abin yi, yanzu shi ma ta kansa yake. Har ila yau, rikicin Maitatsine na Kano a watan Disamban 1980 ya sa ana yi wa baƙon saurayi marar sana'a kallon tuhuma a wasu birane. Lubeck (1985) ya danganta wancan rikici da halin da gardawa da 'yan ƙodago suka shiga a birni.

3.4 Yadda Shawarar ta Bambanta Tsakanin Mutane

Idan aka auna abin da ya gabata, za a ga cewa tambayar a tafi ko a zauna ba ta da amsa ɗaya, domin ba kowa ne yake tsaye a wuri ɗaya ba. Ana iya kasa mutanen yankin gida uku.

Kashi na farko su ne waɗanda aka mayar musu da gonaki a cikin filin ban ruwa. Ga waɗannan, fita tana da farashin da ba ta da shi a da, domin rani ya zama lokacin noma. Wanda ya tafi, dole ya ba da aron gonarsa ko ya jinginar da ita. Wanda ya zauna kuma yana bukatar kuɗin ruwa da na taki da na tarakta kafin ya girbi komai. Hana shigo da alkama da aka yi a 1987 ya ba masu ɗan jari dalilin zama, amma marar jari yakan fita ne domin ya nemo abin da zai noma gonar da shi.

Kashi na biyu su ne waɗanda ruwa ya cinye gonakinsu, ko fadamarsu ta bushe. Su ne suka fi shiga tsaka mai wuya. Zama ba ya ƙara musu komai face cinye ɗan abin da ya rage na diyya, fita kuma ba ta da wa'adi, tun da babu gonar kirki da damina za ta kira su zuwa gare ta. A nan ne cin rani yake rikiɗa ya zama ƙaura. Dabarar da ta fi sauƙi ga irin wannan gida ita ce raba ƙafa: mutum ɗaya ya yi gaba ya gwada wurin, iyali su zauna a hannun dangi, sai ya kafu sa'annan ya aiko a bi shi. Wannan ya rage kasada, amma ya ɗora wa mata da tsofaffi nauyin gida.

Kashi na uku su ne 'yan makaranta da suka gama karatu a cikin shekarun tsuke bakin aljihu. Su ba cin rani suka sani ba, aikin albashi suke nema, a Sakkwato ko Gusau ko Kaduna. Takardar neman aiki da aka aika daga ƙauye ba ta cika samun amsa ba, saboda haka sai mutum ya je da kansa, zuwan kuma yana bukatar ɗan'uwan da zai riƙe shi na watanni. Kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa a 1986 shaida ce cewa gwamnati kanta ta yarda matsalar ta kai intaha.

3.5 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa abin da yake raba fita ta hankali da fita ta kasada a wannan yanki ba samun aiki kafin tashi ba ne, domin tun asali 'yan kaɗan ne suke samun haka. Abin da yake raba su shi ne ko mutum ya bar abin komowa a baya, ko yana da mai karɓarsa a gaba, ko kuma tafiyar tana da ranar ƙarewa. Madatsar Bakalori ta taɓa na farko da na uku, karayar tattalin arziki ta taɓa na biyu, kuma duka sun faru a cikin shekaru goma. Waɗannan ƙasashe sun koma cikin Jihar Zamfara da aka ƙirƙiro a 1996, kuma daga wajen 2011 rashin tsaro ya kawo wata irin ƙaura wadda ba ta bar wa mutane damar shawara ba. A babi na gaba za a duba yadda kuɗin da 'yan cin rani suke aikowa gida ya shafi mallakar gonaki a filin ban ruwa na Bakalori.